Shimfiɗa Dogo Daga Kano Zuwa Maraɗi: Dabarun Aikin Da Matsayin Dutsin-Ma Da Kurfi

Gabatarwa

A ranar 9 ga watan Fabrairu na 2021 aka yi bikin aza harsashin hanyar jirgin ƙasa wadda za ta tashi daga Kano, ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi, ta shiga Katsina, sa'an nan ta wuce Jibiya ta ƙetare iyaka ta dire a Maraɗi cikin Jamhuriyar Nijar. Tsawonta kilomita 284 ne, ban da reshen da zai nufi Dutse. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar a kan kuɗi kimanin dalar Amurka biliyan 1.96, aka kuma yanka masa wa'adin wata 36.

Wanda duk ya dubi taswirar Jihar Katsina zai ga cewa hanyar ta rungumi arewacin jihar ne, ta bar tsakiyarta. Kurfi ba ta kan layin, haka ma Dutsin-Ma. Wani abin lura shi ne hakimin Kurfi shi ke riƙe da sarautar Maraɗin Katsina, ga shi kuwa jirgin da za shi Maraɗi bai bi ta ƙasar Maraɗin ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda injiniyoyi ke tsara irin wannan hanya, da yadda ake tafiyar da aikinta, da kuma abin da hakan ke nufi ga waɗannan garuruwa biyu.

Dogon da, da dogon yanzu

Dogo ya iso Kano a 1911, ta hanyar da aka faro daga Baro a bakin Kwara a zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Da hannu aka yi aikin, da diga da kwando, da leburorin da aka karɓo ta hannun sarakuna. Shi ya sa har yanzu in dattijo ya ce "aikin diga" ba daɗi yake nufi ba. Turawa sun sa ran auduga jirgin zai riƙa kwasa, amma tun daga 1912 sai gyaɗa ta mamaye taragai. Ke nan tun farkon dogo a ƙasar Hausa hasashen masu tsarawa ya sha bamban da abin da manoma da fatake suka zaɓa. Daga baya aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, aka ja wani daga Kano zuwa Nguru a 1930. Birnin Katsina bai samu ba, sai dai a ɗora kayan ƙasar a kan jakai da raƙuma, daga baya manyan motoci, a kai su Kano ko Funtuwa.

Tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na wancan tsohon dogo milimita 1,067 ce, watau ƙafa 3 da inci 6. Sabon dogo kuwa milimita 1,435 ne, wanda shi ne awon da akasarin ƙasashen duniya ke bi. Da shi aka gina hanyar Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da ta Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Jirgin ɗayan ba ya hawa kan ɗayan.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare. Sau da yawa akan ji ana kiran waɗannan sababbin hanyoyi da sunan hanyoyin jirgi mai tsananin gudu, alhali kuwa a wurin masana wannan suna yana da iyaka. Sabuwar hanya ba ta shiga wannan aji sai an gina ta don gudun kilomita 250 a awa ko fiye. Ta Abuja da ta Ibadan an tsara su ne don gudun da bai wuce kilomita 150 ba, da kan jirgi mai shan gas, kuma ta Maraɗi 'yar wannan gida ce. Jirgi mai tsananin gudu na ainihi ya fara ne a Japan ranar 1 ga Oktoba 1964, tsakanin Tokiyo da Osaka, tafiyar kilomita 515, yana gudun 210. Faransa ta bi a 1981 tsakanin Faris da Liyon. A Afirka Maroko ce ta fara, a 2018, da jirgin Al Boraq mai gudun 320 daga Tanja. Wanda alhazai suka fi sani kuwa shi ne jirgin Haramaini, wanda aka buɗe a wannan shekara ta 2018, yana cin kilomita 450 da ke tsakanin Makka da Madina da gudun da ya kai 300.

Kwana da hawa

Abu na farko da ke gaban injiniya shi ne zaɓen inda hanya za ta bi, kuma gudun da ake so shi ke yanke hukunci. Domin a fahimci dalili, a ɗauki misalin akuyar da aka ɗaure a turke tana kewaya shi. In igiyar gajera ce, da'irar da take yi matsattsiya ce; in doguwa ce, sai da'irar ta buɗe. Kowace kwanar dogo yanki ce na irin wannan da'ira, kuma da tsawon igiyarta ake auna ta. Ƙarfin da ke tunkuɗa jirgi waje a kan kwana ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in an ninka gudu sau 2, ƙarfin ya ninku sau 4, in an ninka shi sau 3, ya ninku sau 9. Saboda haka in jirgi mai gudun kilomita 100 ya wadatu da kwana mai igiyar mita 500, to mai gudun 200 sai mita 2,000, mai gudun 300 kuwa sai mita 4,500. Akan ɗan ɗaga ƙarfen da ke waje ya fi na ciki tudu don jirgi ya karkata cikin kwanar, amma wannan dabara tana da iyaka, domin wata rana jirgi zai tsaya a wurin, bai kamata kayan cikinsa su gangaro gefe ɗaya ba. Hanyar Bejin zuwa Shangai ta ƙasar Sin, wadda aka buɗe a 2011, igiyar kwanarta mita 7,000 ce.

Ma'anar wannan a ƙasa ita ce hanya mai tsananin gudu ba ta iya kauce wa kome. Tsohon dogo yakan lanƙwasa ya kewaye dutse, ko gari, ko makabarta. Wannan kuwa sai dai a fasa dutsen, ko a ta da garin, ko kuma a karkatar da hanyar tun daga nisan kilomita da yawa. A ƙasa irin ta Dutsin-Ma, inda duwatsu suka tsaya nan da can a tsakiyar gonaki, kowane layi da safiyo ya ja a takarda yana da tsadarsa ta nakiya da ta diyya.

Sha'anin hawa kuma akasin haka ne. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta da kamun da tayar mota ke da shi a kan kwalta. Wannan santsi shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan kayan da manyan motoci da yawa za su ɗauka, shi ne kuma ya sa jirgin kaya ke tsoron tudu. Akan so hawan hanyar kaya kada ya wuce kimanin mita 1 a cikin kowace mita 100. Jirgin Faris zuwa Liyon kuwa, da yake marar nauyi ne mai ƙarfin inji, yana hawan mita 35 a cikin 1,000. Watau jirgi mai gudu yana jure tudu amma ba ya jure kwana, jirgin kaya yana jure kwana amma ba ya jure tudu. Hanyar da aka ce ta ɗauki duka biyun tilas ta zama miƙaƙƙiya kuma shimfiɗaɗɗiya, a nan kuwa kuɗi ke tafiya.

Ƙasa da ruwa

Ƙarfen da ido ke gani shi ne mafi sauƙin aikin. A ƙarƙashinsa akwai guntayen kankare da ake jerawa a gicciye, waɗanda za a iya kira matasai, a ƙarƙashinsu akwai tsakuwa, a ƙarƙashin tsakuwa akwai ƙasar da aka cika aka daddale hawa hawa. Kafin a zuba ko tifa ɗaya sai an bi hanyar ana haƙa ramukan gwaji, a ɗebi ƙasa a kai ɗakin awo. Marmara tana da kyau ƙwarai wajen ciko. Baƙar laka ta fadama kuwa abokiyar gaba ce, domin takan kumbura da damina ta tsattsage da rani, abin da ke kanta kuma ya riƙa hawa da sauka tare da ita. A hanyar mota ɗan lotsawa rami ne kawai da direba zai kauce wa. A hanya mai tsananin gudu da milimita ake lissafin lotsawa.

Tsakuwar ma ba kowace ba ce. Ana son dutse mai tauri da aka fasa, mai kaifin gefe, don ya sarƙe da juna ya riƙe matasan, ruwa kuma ya tsiyaye ta tsakaninsa. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta yi. Irin duwatsun tsakiyar Katsina su ne ake nema don wannan aiki, kuma da yake tsakuwa kaya ce mai nauyi marar tsada, kuɗin ɗaukarta yakan fi kuɗin fasa ta. Idan aka yi lissafi da ƙarfe mai nauyin kilo 60 a kowace mita, da matashi ɗaya a kowace santimita 60, hanya ɗaya tak mai tsawon kilomita 284 za ta ci ƙarfe fiye da tan 34,000 da matasai fiye da 470,000.

Amma babban abin da ke cin dogo a ƙasar Hausa shi ne ruwa. Kogunan wannan yanki, irin su Karaɗuwa da Bunsuru da Gada, yashi ne zalla a mafi yawan shekara. Baƙon injiniya da ya zo a watan Maris zai taka tsakiyar kogi da takalminsa ya ƙetare, ba zai san cewa a watan Agusta wurin nan yana cinye mota ba. Don haka ba da ruwan bana ko na bara ake auna bakin kwalbati da tsayin gada ba, sai da ambaliyar da ake sa ran aukuwarta sau ɗaya a shekara 50 ko 100. Ana samun wannan ne daga tsofaffin littattafan awon ruwan sama, inda kuma babu su sai a koma ga dattawan ƙauye su nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin kuka ko dutse. Injiniyan da ya rena wannan shaida ya yi wa kansa. Tudun da ake cikawa don dogo, in aka duba, madatsar ruwa ce mai tsawon kilomitoci. In ƙofofin da aka bar wa ruwa sun yi kaɗan, ko dai ya taru ya cinye gonakin da ke sama, ko ya ɓalle ya tafi da hanyar. Jibiya, wadda ke kan wannan layi, ta ga irin ƙarfin ruwan nan a watan Yuli na 2018, lokacin da ambaliyar dare ɗaya ta kashe mutum fiye da 40.

Zafi kuma yana da nasa. Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. Kilomita 1 na ƙarfen dogo yakan ƙaru da santimita 1 da 'yan kai a kan kowane digiri ɗaya, saboda haka tsakanin asubar hunturu da azahar ta bazara, inda zafin ƙarfen zai iya bambanta da digiri 40, ƙarin ya kusa rabin mita. A tsohon dogo akan bar 'yar kafa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ita ce ke ba da ƙarar nan da kowa ya san jirgi da ita. A sabon dogo walda ake yi a haɗe su, a ɗaure su tam a kan matasai a wani matsakaicin zafi da aka zaɓa, tsakuwa ta danne. In an yi kuskuren wannan zaɓi, sai hanya ta lanƙwashe da bazara ko ta tsinke da hunturu. Game da ƙura da rairayi kuwa, masu ginin jirgin Haramaini sun sha fama, har a wasu wurare suka bar tsakuwa suka zuba daɓen kankare.

Burtali da lantarki

Jirgi mai gudun kilomita 300 yana cin mita 83 a kowace daƙiƙa, kuma in an taka masa birki sai ya wuce kilomita 3 kafin ya tsaya. Direbansa ba ya iya karanta alamar da ke gefen hanya, sai dai na'ura ta nuna masa a gabansa. Saboda haka irin wannan hanya shinge ake yi mata daga farko har ƙarshe, ba a yarda mota ko mutum ko dabba su gitta ta ba, sai ta gada a sama ko ta ƙarƙashi. A ƙasar da burtali ya ratsa ko'ina, inda gida ke nan gona ke can, rijiya a gabas makaranta a yamma, shinge irin wannan raba ƙasa biyu ne. Kowace mashiga kuɗi ce, kowace mashigar da aka soke don tsimi kuma rigima ce da aka ajiye wa gobe, tun da garken shanu ba zai yi kewayen kilomita 5 ba alhali ana iya yanke waya. Ko hanya mai matsakaicin gudu ba ta tsira daga wannan ba, sai dai nata da sauƙi.

Sa'an nan babu jirgi mai irin wannan gudu da ke tafiya da gas. Wayar lantarki ce a samansa, mai ƙarfin bolt 25,000, wadda ba a yarda ta ɗauke ba. Wanda ya tuna watan Oktoba na 2024, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, ba ya bukatar ƙarin bayani.

Tafiyar da aiki

Zane a takarda rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a haɗa ƙasa da kuɗi da kaya da mutane, kowanne ya zo a lokacinsa. Masu wannan fanni suna da wata dabara da aka ƙago a Amurka wajen 1957: a jera dukkan ayyuka, a nuna wanda ba ya farawa sai wani ya ƙare, sa'an nan a nemo sarƙar da ta fi kowace tsawo. Wannan sarƙa ita ce wa'adin aikin na gaskiya. Jinkirin kwana ɗaya a kanta jinkirin aikin duka ne, jinkiri a wajenta kuwa ba ya cutarwa. Maginin gargajiya ya san haka ba tare da takarda ba: yana iya sassaƙa ƙyaure ko yaushe, amma ba ya ɗora azara sai bango ya bushe, kuma tilas ya rufe ɗaki kafin ruwan farko. A aikin dogo manyan gadoji da karɓar fili su suka fi zama a kan wannan sarƙa. Damina kuma tana cire wata 3 ko 4 daga kowace shekara, domin ba a daddale jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Karɓar fili shi ne wurin da talaka ke haɗuwa da aikin ido da ido. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓarta don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini da shuka da itatuwan amfani. Ga manomin da gonarsa ta gado ce, wadda magada goma ke da haƙƙi a ciki kuma ba ta da takarda, kuɗin gero na shekara ɗaya da 'yan itatuwan ɗorawa ba su maye abin da ya rasa. Gonar da dogo ya raba biyu ma ta fi wannan wuya, tun da an biya tsirin da aka ɗauka, ba a biya wahalar da aka bari ba. Mai kula da aiki da ya san abin da yake yi yakan fara da masu unguwa da dagatai da hakimai tun kafin katafila ta iso, ya kuma biya kafin ya rushe. Dokar 1992 ta tilasta a binciki illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Amfanin wannan bincike ya dogara ne a kan ko an yi shi a cikin gonaki ko a cikin ofis.

Kuɗi kuwa, kwangilar da dala aka ƙulla ta. A 2021 dala ɗaya wajen naira 400 ce a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Duk kason da gwamnati za ta biya daga aljihunta ya ninku ke nan kusan sau 4 ba tare da an ƙara ko mita ɗaya ba. Ga kuma abin da babu injiniyan da ya zana shi: juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, wanda ya sa aka rufe iyaka har watan Maris na 2024, alhali ƙarshen hanyar yana can ƙetare. Wata 36 ɗin sun cika ba a gama ba. Wannan ba ciwon Nijeriya kaɗai ba ne. Kuɗin hanyar Tokiyo sun kusa ninka abin da aka faɗa da farko, har shugaban reluwen Japan, Sogo Shinji, ya bar kujerarsa a 1963 kafin jirgin ya fara tafiya. Ingila ta soke sashen Bamingham zuwa Manchesta na sabuwar hanyarta a 2023 saboda tsada. Amma na gida ya fi tsawo: hanyar Itakpe zuwa Warri an fara ta a 1987, ba a buɗe ta ba sai 2020.

Mutanen Dutsin-Ma ba sai an kai su nesa ba. An gama madatsar ruwa ta Zobe a kan Karaɗuwa a 1983, amma aikin tace ruwan da tura shi garuruwa sai a 2021 aka buɗe shi. Ginin ya tsaya da kyau, abin da zai haɗa shi da masu amfani ne aka bari. Dogo ma yana iya zama haka in an gama ƙarfe babu taragai, ko babu hanyar mota zuwa tasha, ko babu ma'aikatan gyara. Don horar da irin waɗannan ma'aikata aka kafa Jami'ar Sufuri a Daura. Sai kuma tsaro, wanda harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya nuna ba ƙaramin sashe ba ne, tun da jirgin bai koma aiki ba sai watan Disamba. Ƙananan hukumomin da ke kusa da dajin Rugu, har da Kurfi da Dutsin-Ma, sun sha fama da 'yan bindiga, kuma babu ɗan kwangilar da zai kai safiyo daji bai sa wannan a cikin farashinsa ba.

Ina Dutsin-Ma da Kurfi suka tsaya?

Tsakanin Katsina da Dutsin-Ma kimanin kilomita 60 ne, ta hanyar da ta ratsa ƙasar Kurfi. Jirgi mai gudun 120 zai ci wannan a minti 30, mai gudun 300 a minti 12, a takarda. A zahiri mai gudun 300 yana bukatar kilomitoci masu yawa kafin ya kai cikakken gudunsa, da wasu kafin ya tsaya. In aka ce ya tsaya a Kurfi, gudun ya tashi a banza. In bai tsaya ba, Kurfi ta samu shinge ba ta samu jirgi ba. Jirgin Haramaini tasha 5 kawai gare shi a kilomita 450. Irin wannan jirgi na manyan birane ne masu miliyoyin fasinjoji, ba ya kuma ɗaukar buhun masara, balle sa.

Abin da zai amfani wannan yanki shi ne reshe mai matsakaicin gudu, na kaya da fasinja, wanda zai kwashi hatsi da dabbobi da kayan lambun Zobe, ya kawo taki da siminti da mai, ya ɗauki ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. A da dokar ƙasa ta keɓe dogo ga Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, amma gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 ya ba jihohi ikon gina nasu. Sai dai reshe mai tsawon kilomita 60 da ya mutu a Dutsin-Ma da wuya ya ci da kansa, domin a gajeriyar tafiya mota ta fi jirgi, tun da ita tana zuwa har ƙofar rumbu. Zai fi ma'ana in ya zarce kudu ya sadu da dogo a Funtuwa, a can kuma zai tarar da tsohon awo na milimita 1,067, ga shi kuwa shi na 1,435 ne. Tilas ke nan ko a sauke kowane buhu daga wannan tarago a ɗora a wancan, ko a sake shimfiɗa hanyar Funtuwa zuwa Zariya da sabon awo, kuma kuɗin wannan ma a kan reshen za a lissafa su.